FILIN IYALI: Asibitin Kuɗi Na 'Yan Italiya A Landan, Me Ake Dubawa Kafin A Ce Yana Da Kyau?

 

A wannan fitowar zancen asibitin kuɗi za mu yi, kuma zan ɗauke ku ne mu tafi can birnin Landan na ƙasar Ingila, inda akwai wasu ƙananan asibitocin kuɗi da aka buɗe musamman saboda mutanen Italiya mazauna garin. Kada wata ta ce to ina ruwan biri da gada, domin kuwa halin da yake kai Ba'italiya wannan asibiti shi ne dai halin da yake kai mu namu. Da zarar mun ga wuri tas-tas, ga kujeru masu taushi, ga sanyi yana ratsa jiki, ga likita mai fara'a yana yi mana magana da harshenmu, shi ke nan sai mu saki jiki mu miƙa masa kanmu da 'ya'yanmu. Alhali kuwa abubuwan da suke tsare ran marar lafiya yawancinsu ba a ganinsu daga kan kujerar jira, suna can ciki, a cikin firji da kabad da fayil. Su nake so mu leƙa yau.

Da farko dai ku sani mutanen Italiya mutane ne masu fita neman abinci kamar mu Hausawa. A shekarar 2024 waɗanda suka yi rajista a matsayin mazauna ƙasashen waje sun haura miliyan 6, kuma a ƙasar Birtaniya kaɗai sun haura 400,000, mafi yawansu a Landan da kewayenta. Abin kuma ya daɗe, domin tun a shekarar 1884 wani attajirinsu mai suna Giovanni Ortelli ya kafa musu asibiti a dandalin Queen Square, saboda 'yan uwansa talakawa da ba sa jin Turanci su sami inda za su faɗi ciwonsu a gane. Wannan asibiti ya yi aiki sama da shekara ɗari kafin a rufe shi a 1990. Ƙananan asibitocin kuɗin da ake gani a yanzu su ne suke biyan wannan tsohuwar buƙata, sai dai su da kuɗinka ko da inshorarka za ka shiga.

To abin tambaya a nan, me zai sa mutum ya zaro kuɗi ya biya, alhali a Ingila ganin likitan gwamnati kyauta ne ga mazaunin ƙasar tun daga 1948? Dalili na farko harshe ne. Ke 'yar uwa kin san ciwo ba ya faɗuwa daidai sai da harshen da aka raine ki da shi. Mace tana iya jin Turancin kasuwa da na ofis, amma ranar da za ta bayyana yadda mararta take murɗa mata, ko yadda jinin watanta ya rikice, sai kalmomin su gudu su bar ta. Dalili na biyu sabo ne. A Italiya kowane yaro yana da likitan yara nasa wanda iyaye suka zaɓa, shi zai riƙa duba shi har ya kai shekara 14, kuma matansu sun saba da zuwa wajen likitan mata kai tsaye. A Ingila kuwa sai kin fara bi ta hannun likitan unguwa, shi zai ga ko ya dace ya tura ki gaba, kuma sau da yawa akwai jira. Saboda haka uwa Ba'italiya da ɗanta yake zazzaɓi sai ta ga gara ta biya ta ga likitan yara ɗan garinsu yau-yau ɗin nan.

Kuma kada ku raina amfanin harshen nan, domin har rai yana cetowa. Ga misali ƙarami. Maganin zazzaɓin nan da muke kira farasitamol ko Panadol, a Italiya kowace uwa da sunan Tachipirina ta san shi, a Ingila kuwa na yara Calpol ake ce masa. Magani ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. To ki duba uwar da ta ba ɗanta wanda ta zo da shi daga gida a jakarta, sannan aka ba ta na Ingila a kemis ta ƙara masa, tana zaton magani biyu ne daban-daban. Ta ninka masa ke nan ba ta sani ba, kuma farasitamol idan ya wuce ƙima hanta yake lalatawa. Likitan da ya san sunayen nan duka shi zai tare wannan kuskure tun a bakin ƙofa.

Sai dai fa a nan ne gizo yake saƙa. Jin harshe ɗaya yana kwantar da hankali, amma bai nuna cewa likitan ya iya aiki ko wurin yana da tsafta ba. Kamar saurayi ne mai daɗin baki, ya zo zance da mota mai sheƙi da turare mai ƙamshi, yarinya ta ji duk duniya babu kamarsa. To iyayen kirki ba sa ɗaura aure a kan haka, sai sun tura an yi bincike, an ji asalinsa da sana'arsa da halinsa daga bakin waɗanda ba su da riba a cikin maganar. Haka hukumomin Ingila suka ɗauki asibiti. Tun daga shekarar 2009 suna da wata hukuma da ake kira CQC, wadda duk mai son buɗe asibiti, na gwamnati ne ko na kuɗi, babba ne ko ɗan ɗaki biyu, dole ya yi rajista da ita, kuma buɗewa ba tare da rajistar ba laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa. Ba ruwanta da cewa ai masu zuwa wurin duk 'yan Italiya ne kuma sun yarda da ɗan uwansu. Tunda a ƙasar Ingila aka kafa shi, dokar Ingila ce a kansa.

Idan masu binciken hukumar suka zo, tambayoyi biyar suke neman amsarsu. Shin wurin yana da aminci? Maganin da ake yi yana aiki? Ana mutunta marasa lafiya? Ana biya musu buƙatunsu a kan lokaci? Shugabancin wurin yana tafiya daidai? Bayan sun gama sai su ba asibitin ɗaya daga cikin matsayi huɗu, ko dai ya yi fice, ko yana da kyau, ko yana buƙatar gyara, ko kuma ya gaza. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a ɓoye sakamakon. Ana buga rahoton a intanet kowa ya karanta, kuma doka ta tilasta wa mai asibitin ya kafe matsayin da aka ba shi a inda masu shigowa za su gani, ko da kuwa na abin kunya ne. Wanda ya ƙi gyarawa ana iya dakatar da shi ko a soke rajistarsa ɗungurungum.

Yanzu bari mu bi su ciki mu ga me suke buɗewa. Abu na farko ma'aikata. Likita ko da a Roma ko Milan ya yi karatu, ko da farfesa ne a garinsu, ba zai taɓa marar lafiya a Ingila ba sai sunansa yana cikin rajistar hukumar likitoci ta GMC, kuma kowa yana iya duba sunan ya tabbatar. Tun daga 2012 ma lasisin ba na har abada ba ne, kowace shekara ana zama da likita a duba aikinsa, kowace shekara biyar kuma a sabunta masa izinin. Ana duba ko kowane ma'aikaci yana da takardar da ke nuna ba a taɓa kama shi da laifin cutar da yara ko masu rauni ba. Ana duba ko likitan yana da inshorar da za ta biya diyya idan ya yi wa wani ɓarna. Sannan ga wadda ta fi shafarmu mu mata: ana duba ko asibitin yana sanar da mace cewa tana da damar a kira mata wata ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin lokacin da likita zai duba tsiraicinta, kuma a rubuta sunan wadda ta tsaya a cikin fayil. Kun ga ashe kare mutuncin mace a ɗakin likita ba ƙauyanci ba ne, har a Landan ƙa'ida ce.

Abu na biyu tsafta, kuma tsaftar asibiti ta wuce goge tayil. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa wanke hannu da sabulu da ruwa ya ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60, idan kuma da ruwan nan mai sinadari ne na murzawa, daƙiƙa 20 zuwa 30, kuma a yi kafin a taɓa marar lafiya da bayan an taɓa shi. Allura da sirinji sau ɗaya ake amfani da su, a farke ledarsu a gabanki, a gama a jefa a cikin wani akwatin roba mai kauri wanda ba a sake buɗe shi. Mutanen Italiya sun san zafin wannan magana, domin a shekarun 1950 zuwa 1970 an yi ta yi wa mutane allura da sirinjin gilashi wanda ake dafawa a ruwan zafi a sake amfani da shi gida-gida, kuma wannan yana cikin manyan dalilan da suka sa ciwon hanta nau'in C ya yi yawa a tsakanin tsofaffinsu, musamman a kudancin ƙasar. Kayan ƙarfe kuwa irin almakashi da abin duba mahaifa, ko dai su zama na yarwa bayan amfani ɗaya, ko a sa su a wata tukunya ta musamman mai turara su da tururi mai zafin digiri 134 na aƙalla minti 3. Kuma bai isa mai asibiti ya ce ai muna yi ba, sai ya fito da littafin da ake rubuta kowane turarawa da ranar da aka gwada tukunyar.

Abu na uku firji da kabad ɗin magani. Yawancin allurar rigakafin yara tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, idan ta yi zafi ta lalace, wasu kuma idan suka daskare sun lalace, kuma abin takaici ba za ki gane a ido ba, ruwan yana nan garau a kwalbarsa amma ya zama ruwan banza. Saboda haka ake son a riƙa duba ma'aunin sanyin firjin kullum ana rubutawa, kuma kada a kuskura a ajiye madara ko abincin ma'aikata a ciki. Daga nan sai su zaro magunguna ɗaya bayan ɗaya suna karanta ranar da za su daina aiki. Sai su nemi jakar gaggawa, domin akwai mutumin da za a yi wa allura jikinsa ya ƙi karɓa nan take, maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe, kuma idan babu allurar adirenalin da tukunyar iskar oksijin a kusa, cikin 'yan mintoci sai a rasa shi. Suna duba ko tukunyar da iska a ciki, ko na'urar farfaɗo da zuciya batirinta yana da rai, ko ma'aikatan sun sami horon ceton rai. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na huɗu rubutu, kuma nan ne asibitin baƙi yake da tasa matsalar ta daban. Likita da marar lafiya sun yi hirarsu da Italiyanci, madalla, amma fayil ɗin fa? Idan dare ya yi ciwo ya tashi aka kwashi matar nan zuwa babban asibitin gwamnati, likitan da zai karɓe ta ba ya jin Italiyanci. Shi ya sa ake son bayanan su kasance yadda kowane likita a ƙasar zai iya karantawa, kuma a nemi izinin marar lafiya a aika wa likitansa na unguwa abin da aka gano da maganin da aka rubuta. In ba haka ba sai a wayi gari likita biyu suna yi wa mutum ɗaya magani, wannan bai san abin da wancan ya bayar ba, magunguna su haɗu su yi faɗa a cikin jiki.

Akwai kuma wata jarrabawa da take kan kowane asibitin kuɗi a duniya, wato iya cewa a'a. Wanda ya biya kuɗi yana son ya fita da wani abu a hannu, kuma uwa da ta kawo yaro yana mura ba ta son a ce mata je ki ba shi ruwa ya huta. So take a rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su amfisilin ɗin nan. Alhali mura irin wannan magani ba ya yi mata komai, sai ma ya koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Ƙasar Italiya tana cikin ƙasashen Turai da suka fi fama da wannan bala'i na ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani. Don haka masu bincike sukan ɗauki takardun maganin da likita ya rubuta su duba ko bisa ƙa'ida ya rubuta, ko kuwa don kada mai kuɗi ya yi fushi ya canza asibiti ne.

Na ƙarshe a cikin jerin shi ne faɗin gaskiya idan an yi kuskure. Tun daga 2015 doka ta wajabta wa duk asibitin da yake ƙarƙashin hukumar nan cewa idan aka cutar da marar lafiya a wajen yi masa magani, to a kira shi ko danginsa a faɗa musu abin da ya faru, a ba su haƙuri, a kuma ba su a rubuce. Har ila yau dole asibiti ya kasance da hanyar kai ƙorafi wadda kowa ya sani, da littafin da ake rubuta duk wani tuntuɓe da aka yi da abin da aka gyara bayansa. Masu bincike sun fi sakin jiki da asibitin da littafinsa yake da rubutu a kan wanda ya ce shi bai taɓa kuskure ba, domin duk inda ɗan Adam yake aiki sai an yi, wanda ya ce babu to ɓoyewa yake.

Wata za ta ce duk wannan wahalar ta mece ce, ai Turawa ne, sun san aikinsu. To saurari abin da ya faru a birnin Milan, a cikin Italiya kanta. Ranar 31 ga Oktoba 1997, a wani sanannen asibitin kuɗi mai suna Galeazzi, an shigar da marasa lafiya wani ɗakin ƙarfe mai kama da tanki, wanda ake rufewa a matsa iska mutane su shaƙi oksijin saboda raunuka masu ƙin warkewa. Ɗaya daga cikinsu ta shiga da ɗan abin ɗumama hannu irin na lokacin sanyi, ba wanda ya caje ta a ƙofa. Wuta ta tashi, kuma inda oksijin ya yi yawa wuta ba ta jira. Da aka zo ga na'urar kashe gobarar ɗakin sai aka tarar ba ta aiki, tankin ruwanta wayam. Mutum 11 suka rasu, marasa lafiya 10 da ma'aikacin jinya ɗaya. Na'urori masu tsada suna nan, ƙwararrun likitoci suna nan, abin da aka rasa kawai wanda zai duba aljihu da wanda zai leƙa tanki.

A garin na Milan dai, a shekarar 2008, aka kama wasu likitocin asibitin kuɗi na Santa Rita, bayan bincike ya nuna ana yi wa mutane tiyatar da ba sa buƙata, a yanke wa wannan sashen huhu, a yanke wa waccan sashen nono, don kawai asibitin ya karɓi kuɗin aikin daga hukuma. Kotu ta ɗaure babban likitan tiyatar ƙirji na wurin shekaru masu yawa. Innalillahi! Wannan shi ake kira kura da fatar akuya. A 2017 majalisar Italiya ta yi doka mai lamba 24, wadda ta ce amincin marar lafiya yana cikin haƙƙinsa na samun lafiya, ta wajabta wa asibitoci na gwamnati da na kuɗi su tanadi abin biyan diyya, ta kuma ce idan mutum ya nemi takardun jinyarsa a ba shi cikin kwana 7.

Akwai wani labarin kuma da ya taɓo yankinmu. Fausto Coppi shi ne gwanin tseren keke da Italiya take ji da shi, ya ci babbar gasar Faransa sau biyu, ta Italiya sau biyar. A watan Disamba 1959 ya zo ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso shi da wasu abokansa Faransawa, suka yi tsere suka yi farauta, sauro ya cije su. Da suka koma gida zazzaɓi ya kwantar da shi, ya kuma kwantar da abokinsa Raphaël Géminiani a Faransa. Shi abokin an gwada jininsa aka ga zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba shi kwinin ya tashi. Danginsa har waya suka buga Italiya suna gargaɗi, amma likitocin Coppi suka tsaya a kan cewa mura ce mai tsanani. Ranar 2 ga Janairu 1960 ya rasu yana da shekara 40. Ga shi kuwa kalmar maleriya ma daga harshensu ta fito, ma'anarta mummunar iska, kuma sai a 1970 aka tabbatar cutar ta ƙare a ƙasarsu. Shi ya sa duk likitan kirki da yake duba mutane masu yawan tafiye-tafiye, idan aka zo masa da zazzaɓi zai fara da tambayar ina ka je kwanan nan, sannan ya sa a gwada jini kafin ya yanke hukunci.

Mu ma nan ba baƙin mutanen Italiya ba ne, kamfanoninsu ne suka gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968, da ta Bakolori kusa da Talatar Mafara tsakanin 1974 da 1978. Kuma yadda dokar Ingila ta hau kan likitansu a Landan, haka dokar Nijeriya take hawa kan duk likitan da zai yi aiki a nan, baƙo ne ko ɗan gida, sai ya yi rajista da hukumar likitoci ta MDCN yana kuma sabunta lasisinsa kowace shekara. Muna da NAFDAC tun 1993 mai sa lamba a jikin magani. Muna da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 wadda ta hana asibiti ya ƙi karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa. A Kano akwai hukumar PHIMA mai kula da asibitocin kuɗi, tana kuma rufe waɗanda ta kama suna aiki ba bisa ƙa'ida ba. Ashe dokokin muna da su, sai dai mu masu zuwa asibitin ba mu cika sanin muna da bakin magana ba.

Don haka 'yar uwa, ranar da za ki je yin awo ko kai yaro asibitin kuɗi, ki buɗe idonki. Ki duba bango ko an kafe takardar rajistar asibitin da lasisin likitan, ki kuma karanta shekarar da take jiki. Ki lura ko nas ta wanke hannu kafin ta taɓa jaririnki, in ba ta wanke ba ki roƙe ta cikin ladabi. Kada ki yarda da allurar da ba a gabanki aka farke ledarta ba. Ki tambayi sunan duk maganin da aka ba ki da amfaninsa, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, ki kuma faɗa wa likita duk abin da kika riga kika sha a gida, har da na gargajiya. Idan haihuwa za ki yi a wurin, tun kina wata biyar ki tambaya: in jini ya ɓalle cikin dare a ina za a samo jini, kuma ana gwada shi saboda ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere? In an ɗauke wuta akwai janareto da mai? In abu ya gagara wane babban asibiti za a kai ni, kuma da wace mota? Idan aka ce sai an yi miki tiyata kuma ba gaggawa ba ce, ki karɓi takardunki ki je wani likitan ya sake dubawa. Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin tambaya, wanda kuwa ya haɗe rai don kin tambaya, to ya riga ya ba ki amsa.

Ku kuma iyayen gida maza, don Allah a daina auna asibiti da tsadarsa kawai, a ce ai na kai ta inda ake biyan kuɗi da yawa, na fita haƙƙinta. Ka shiga da ita, ka yi tambayoyin da kunya za ta hana ta yi, tunda kai ne za ka sa hannu a takardar tiyata, ka tabbata an karanta maka abin da yake ciki da harshen da kake ji kafin ka sa. Ke ma uwargida, idan amarya ce za ta je awon fari, ki raka ta ki tsaya mata, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kunya ado ce a wajen mace, amma wadda za ta hana ki tambayar abin da za a zuba a jikinki ko na ɗanki, wannan kam cuta ce. Matambayi dai ba ya ɓata.

A nan zan dakata sai kuma fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wadda take da tambaya ko ƙarin bayani, musamman 'yan uwanmu nas-nas da unguwarzoma da suke karanta wannan fili, ƙofa a buɗe take, a rubuto mana ta hannun edita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, amin.

Taku a kullum.